Hala Ta Watsa Mini Ƙasa A Ido A Gidan Surukai

Kun dai san Halata, Honda Accord ƙirar 1992, mai injekta. Tun da zafin Afrilu ya kankama ta tsiro da wani hali: da asuba kik ɗaya ta tashi, amma in ta sha rana gilasai a rufe, ko za ka mutu ba ta motsawa. Makanikena ya ce famfon mai ne. Aka sauke tanki, na je Ƙofar Ruwa na sayo ɗan Beljiyam aka ɗaura.

Sai ranar sunan nan na gidan surukaina. An yi azahar, an ci abinci, rumfa cike da mutane. Na yi sallama, na tattare babbar riga, na shiga mota ina ɗaga hannu. Na murɗa makulli: cakakaka, cakakaka. Injin na juyawa, bai kama ba. Na sake. Hira ta tsaya cak.

Sai ga Kawun uwargida. Kun san wanda nake nufi, mai jar dara, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba amma ba motar da bai san ciwonta ba. Ya sako kai ta taga, ya ɗaga murya yadda har matan cikin gida za su ji: "Ango, ba dai mai ne ya ƙare ba?" Ango! 'Ya'yanmu har sun shiga sakandare. Na ce, "Da mai, Kawu, rabin tanki ne." Ya ce, "Allurar tsofaffin motocin nan ƙarya take yi. Ai rashi ba abin kunya ba ne." Ya laluba aljihu a hankali, ya zaro ɗari biyar, ya ɗaga ta sama sai da kowa ya gani, sannan ya ba yaro ya ce a je wajen 'yan bumburutu. Ɗari biyar, da ko lita ba ta saye! Mutumin nan fa tun lokacin kai lefe yake da ni, saboda yana da wani ɗan amininsa da ya so a ba.

Aka zuba man, shiru. Ya sa yara turi, har ƙarshen layi muka je muka dawo, ina sakin kuloci a giya biyu, mota na zabura, gumi har cikin takalmi.

Wani yaro mai wayarin a maƙwabta ne ya cece ni. Da zuwansa ya ce, "Iyayena, don Allah a yi shiru." Ya murɗa makulli zuwa mataki na biyu bai yi kik ba, ya kasa kunne. Ashe famfo kan yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu daga bayan mota, nan kuwa tsit. Ya duba fis, lafiya lau. Ya kwanta ƙarƙashin sitiyari ya ƙwanƙwasa wani ɗan akwati da gindin sukundireba, sai ga "zuuu". Kik ɗaya ta tashi.

Ɗan akwatin nan babban rile ne, shi ke ba famfo da kwamfutar injin wuta. Dalmar cikinsa ce ta tsattsage don tsufa. In cikin mota ya yi zafi sai tsagar ta buɗe, wuta ta yanke, da sanyi kuma ta haɗe. Tsohon ciwon Honda na shekarun nan ne, in ji shi. Washegari ya sake narka dalmar, kuɗin aikin bai kai na cefane ba. Tsohon famfona mai lafiya kuwa yana wajen makanike, ya daina ɗaukar wayata.

Kawu har yau cewa yake man da ya saya ne ya tayar da ita, wai sai da ya ɗauki lokaci kafin ya isa inji. Jiya ma ya aiko a tambayi robar da aka sayo man a ciki.