Makullin shagonka na Google yana hannun wa?

Makon jiya na leƙa shagon ɗinkin yayana, na tarar yana ta ba wata mata haƙuri a waya. Ta biya ɗan adaidaita tun daga Hotoro, ta bi taswirar Google tiryan-tiryan, ta sauka a ƙofar wani mai POS. Shekara biyu ke nan da Yaya ya tashi daga wannan shagon. Yana ajiye wayar ya miƙo min ita: "Kai da ka san kan abin nan, duba min."

Na duba shafin shagon a Google. Tsohon adireshi, tsohuwar lambar da ya daina amfani da ita, da hoton wata kufta da aka daina yayi. Na ce, "Yaya, wa ya buɗe maka shafin nan?" Wai wani yaro ne da ke yawo shago-shago yana cewa zai sa mutum a intanet. Ya karɓi kuɗinsa, ya buɗe da imel ɗinsa na kansa, ya yi gaba. Layinsa ma ba ya shiga. Wato shago naka, allo naka, amma makullin yana aljihun wanda ko sunan mahaifinsa ba ka sani ba.

Na san za a ce ai kasuwarmu tana WhatsApp da Instagram da TikTok, wa ke neman tela a Google? Haka ne, can ake baje kaya. Sai dai wanda ke zagaya Instagram ɗan kallo ne, ƙila ya saya, ƙila ya wuce. Wanda kuwa ya rubuta yana neman mai gyaran firji ko kemis mafi kusa, buƙata ce ta taso shi, kuɗinsa na hannu. Baƙon da ya sauka Kano daga Maraɗi ko Abuja, amaryar da aka kawo sabuwar unguwa, ɗan hidimar ƙasa, duk ba su da wanda za su tambaya sai waya.

Ga inda gizo ke saƙar. Da, in ka nemi sana'a, Google kan jero wurare bakwai tare da taswira. A 2015 ya mayar da su uku. Uku kacal, a allon waya, kuma mutum nawa ne ke danna "ƙari"? Kamfanin da kansa ya faɗi abin da yake dubawa wajen zaɓe: dacewar sana'arka da abin da aka nema, kusancinka da mai neman, da kuma yadda aka san ka. Ya kuma ce ba a biyan kuɗi a sayi matsayi a wannan jerin. Talla dabam take, kuma ana rubuta mata alama. Don haka duk wanda ya ce ka kawo dubu hamsin ya ɗora ka a sama har abada, romon baka yake maka. Ta yaya zai matso da shagonka na Kurna kusa da mai nema daga Naibawa?

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke sakin jiki da Google kamar gidan gado. Rumfar haya ce. A 2021 aka canja sunan tsarin shafukan shaguna daga Google My Business zuwa Google Business Profile, daga baya aka janye manhajarsa ta waya. A Maris na 2024 aka rufe ƙananan shafukan kyauta masu ƙarewa da business.site, waɗanda ƙananan 'yan kasuwa a duniya suka buga a kati da leda da allon shago. Ƙarshen Yulin shekarar kuma aka cire wurin da mai saye ke turo saƙo kai tsaye ta shafin. Ban ce sun yi laifi ba, kayansu ne, kyauta suka bayar. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Yanzu ga sabon salo. Tun Mayun 2024 a Amurka, sannan wasu ƙasashe fiye da 100 a Oktoba, Google ya fara ɗora amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman sakamakon bincike. Mutum ya yi tambaya, ya karanta amsa, ya rufe waya bai shiga shafin kowa ba. Masu rayuwa da rubutu a shafuka su wannan ya fi taɓawa. Mai shago kuwa, na'ura ba za ta ɗinka wa kowa riga ba, dole a zo gare shi. Amma duk abin da za ta faɗa a kansa, daga abin da ta tsinta ne. In tsohuwar lamba ta tsinta, ita za ta bayar, ba tare da ko ɗar ba.

Sai matsalar adireshi, wadda tamu ce ta gida. "Bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, kusa da taransifoma." Ɗan unguwa ya gane, taswira ba ta gane ba. A Kantin Kwari ma gini ɗaya na iya ɗaukar shaguna barkatai, hawa kan hawa. Maganin ba tsada: ka tsaya a ƙofar shagonka ka dasa alamar taswirar a daidai wurin, ka ɗauki hoton ƙofar daga titi yadda mai zuwa zai gan ta, ka rubuta lokacin buɗewa na gaskiya. In kana kulle shago ranar Juma'a daga sha biyu zuwa uku, faɗi. Da azumi lokaci ya canja, gyara.

Batun yabo kuma sai a hankali. Mutanenmu da baki suke yabo: "Wallahi ɗinkinsa ba dama." Wanda ke zama ya rubuta shi ne wanda aka saɓa wa alkawarin kayan Sallah (Yaya, ka yi haƙuri, gaskiya ce). Shi ya sa za ka ga gwanin tela da tauraro biyu cikin biyar a shafinsa na Google. Ba abin kunya ba ne ka roƙi wanda ya ji daɗin aikinka ya rubuta layi ɗaya, ko da Hausa ne. Sayen yabon bogi dai ya saɓa dokar Google, kuma mai karatu ba yaro ba ne. Sharhi ashirin rana ɗaya, duk da lafiyayyen Turanci, a kan mai gyaran babur?

Namu dai mun nemi a mayar wa Yaya ikon shafinsa. Da aka zo tantancewa bidiyo aka nema: na bi shi da waya tun daga bakin titi, na nuna allon, ya sa makulli ya buɗe ƙofa, ya yaye ƙyallen da ke kan keken ɗinki, yaransa na ta dariya wai ya zama ɗan fim. Imel ɗin da sunansa muka buɗe, lambar da ke karɓar saƙon sirri tasa ce. Ya ɗauko littafin awo, wanda lambobin masu kawo ɗinki suke ciki tun shekarun baya, ya rubuta kalmar sirrin a bangon ciki. Na ce kada ya bar shi a kan tebur. Ya ce ai ko matarsa ba ta taɓa littafin nan.

Matar Hotoro ta dawo ranar Asabar da shadda kala biyu. Kuɗin adaidaitar farko dai sai da ta cire a kuɗin ɗinki.