Ganin likita ta waya: ba a na'ura gizo ke saƙa ba

Da zarar an ce za a kawo duba marasa lafiya daga nesa, sai hankalin kowa ya koma kan manhaja da na'urori. A ganina an bar jaki ana dukan taiki.

A 2010 aka fitar da sakamakon gwajin Tele-HF a Amurka, kan mutum 1,653 masu gazawar zuciya. Kullum majinyaci zai kira wata lamba, na'ura ta jero masa tambayoyi, ya danna amsa. Bayan wata shida ba a ga bambanci ba tsakanin masu kiran da waɗanda aka bari a kulawar da aka saba, ko a mace-mace ko a komawa gadon asibiti. Kashi 14 cikin ɗari ma ko sau ɗaya ba su kira ba.

Jamusawa kuwa da suka yi nasu, TIM-HF2, wanda ya fito a 2018, majinyaci ne ke auna nauyinsa da hawan jini da bugun zuciya kullum, alƙaluman su tafi wata cibiya a Balin inda likitoci da nas-nas ke zaune dare da rana. Mace-mace suka tsaya a kusan 8 cikin ɗari a shekara, alhali waɗanda aka bari a kulawar da aka saba sun kai 11. Dalilin a fili yake. Mai wannan ciwo idan ya ƙara kilo 2 cikin kwana uku, ruwa ne ke taruwa a jikinsa. In akwai mai gani a ranar, zai ƙara masa maganin da ke sa yawan fitsari kafin ruwan ya kai huhu.

Gwajin da aka yi a Kenya ya fi burge ni, don ko babbar waya ba a nema ba. Saƙon tes ɗaya a mako ga masu shan maganin ƙanjamau: "Mambo?", wato yaya dai. Wanda ya ce akwai matsala, ko ya yi shiru har awa 48, nas za ta kira shi. Ƙwayar cutar ta kwanta a jinin kashi 57 cikin ɗari, a rukunin da ba a tura wa saƙon ba kuwa 48.

Saboda haka duk gwamnatin jihar da za ta ƙaddamar da irin wannan shiri a Arewa, a tambaye ta: wa ke karanta saƙon, cikin awa nawa zai amsa, yana da ikon canza magani? Kuma idan mai juna biyu ta kira tana zubar jini da tsakar dare, wace mota ce za ta ɗauko ta?