Ku ƙyale birkila, ruwanku ne ya kashe sokawe

To, an zagi birkila, an zagi mai motar kwasar masai, har na ga masu cewa sammu aka yi wa gidan. Kowa ya ga bidiyon sokawen gidan wani Alhaji, wato ramin da ke shanye ruwan masai, da ya cika ya tumbatsa: baƙin ruwa na malala a lungu, almajirai na tsallake shi da allunansu, Alhaji na kumfar baki wai "birkila ya ci min kuɗɗina". Madalla. Amma ku sake kallo da kyau. Can bayan Alhaji tankin sama na ta ambaliya, bututun ambaliyar kuma an kai bakinsa cikin ramin. A kan wannan ba wanda ya ce uffan.

Ruwan gidan ne ya kashe sokawen nan, ba siminti ba.

Rami biyu ne, mutane na ɗauka ɗaya ne. Na farko tankin masai, an shafe cikinsa da siminti, ba ya tsotse komai. Aikinsa ya riƙe ƙazanta ta kwanta: mai nauyi ta nutse, maiƙo da kumfa su taso, ruwan tsakiya kaɗai ya bi bututu mai siffar T ya faɗa rami na biyu. Shi ne sokawe, wanda ake jera bulonsa da tazara don ƙasa ta sha. Kwanciyar nan tana son lokaci, aƙalla kwana ɗaya cur, in ta samu biyu ya fi.

Mu yi lissafi. Tanki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin ruwa mita 1.5, lita 3,000 ke nan. Mutum 10, kowa ya ja ruwan masai sau 5, kowane ja lita 9, an tashi lita 450. Lafiya lau. Yanzu a ƙaro wankan mutum goma, wanke-wanke, alwala, da wankin mako guda da ake tarawa a yi rana ɗaya. A ƙaro injin bohol mai ba da lita 30 a minti, an kunna an tafi kallo, tankin sama ya yi minti 20 yana zuba: lita 600. Ga robar ƙaramin tankin masai, wanda ake ja ya wanke kwano, ta mutu tana tsiyaya dare da rana, ita kaɗai tana iya zubar da ɗaruruwan lita kullum ba wanda ya ji motsinta. Kuma kar a manta, laka ta riga ta cinye kashi ɗaya cikin uku na ramin farko tun bara. Yaushe ƙazanta za ta kwanta? Ruwan na shiga yana dama ta kamar kunu, ya kwashe ta zuwa sokawe.

A nan ɓarnar take. Lakar na liƙe wa bango da gindin ramin, ta toshe ƙofofin ƙasa, ta zama wani baƙin yauƙi. Ƙwayoyin halittar da ke cinye yauƙin nan iska suke so, iska kuwa ba ta shiga sai ruwa ya ja baya ƙasa ta tsane. Ramin da kullum yake cike ba ya samun wannan hutun. Yauƙi ya yi ta kauri har ya koma kamar daɓe. Daga nan ko mota ta zo ta zuƙe shi tas, kwana kaɗan ya sake cika, sai a ce mai mota ma ɓarawo ne.

Na san abin da za a ce: ai Sakkwato rairayi gare mu, ga rana. Ranar ta ina za ta shiga ƙarƙashin murfin kankare? Rairayi ma toshewa yake yi. Kuma ba ko'ina ne rairayi ba, wani wuri marmara ce, wajen fadamar gulbin Rima laka ce. In Agusta ta zo ƙasa ta ƙoshi, ku tambayi mutanen Mabera. A irin wannan lokacin wani gwanin yake juya indararon rufi cikin sokawe don kada tsakar gida ta yi taɓo. Masu cewa a ƙara zurfi kuma, kusantar ruwan rijiya kawai za ku yi. A bar tazarar mita 30 tsakanin sokawe da rijiya, gindinsa kuma ya ɗara ruwan ƙasa da aƙalla mita 1.5.

Jama'a, tsakani da Allah, gyaran bai kai kuɗin haƙa sabon rami ba. A cire ambaliyar tanki da ruwan rufi daga layin gaba ɗaya, a sa wa tanki abin da ke tsayar da inji in ya cika. Ruwan wanka da na wanki a yi musu ƙaramin raminsu daban da tsakuwa, na madafa a sa masa matarar maiƙo. A raba wanki cikin mako. Don gane tsiyaya, a zuba ɗan bula a ƙaramin tankin masai, a jira minti 15 ba a ja ba. In shuɗi ya bayyana a kwano, roba ta mutu, a kira falamba. Auna laka kuma sanda ce doguwa a naɗe ta da farin tsumma, a zura cikin ramin farko har ƙasa. In baƙin ya kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwa, a kira mota, galibi duk shekara 3 zuwa 5. Baƙin mai, kalanzir da kabayid da ake zubawa ba sa buɗe komai, ƙwayoyin da ke aikin suke kashewa. Kada kowa ya shiga ramin, kada a leƙa da ashana. Iskar ciki tana kisa, tana kuma kamawa da wuta.

Af, dogon yaron nan da ke gindin katangar Alhaji, wa ya ba da shawarar a dasa shi taku uku daga rami? Saiwarsa ruwa take bi, ta gaɓar bututu take shiga. Sannan a ƙarƙashinsa, bisa murfin sokawe, ake ajiye mota don inuwa. Murfin da ko rodinsa nawa ne ba wanda ya sani.