Dokin ƙarfe mai ƙafa huɗu: sirdi naka, linzami na kamfani

A watan Afrilun 2025, a bikin baje kolin duniya na Osaka, kamfanin Kawasaki na Japan ya nuna wani abin hawa mai suna Corleo. Ƙafa huɗu gare shi, babu taya ko ɗaya, kowace ƙafa da kofaton roba tsagagge don ya kama dutse da tsakuwa. Ƙaramin inji mai cc 150 da ke ƙona iskar haidurojin shi zai ba ƙafafun lantarki, mahayi kuma da karkata jiki zai sarrafa shi. Bidiyon da ya karaɗe intanet, inda yake tsallake duwatsu, zanen kwamfuta ne. Abin da aka girke a Osaka samfuri ne kawai. Suzuki ma ta nuna nata, MOQBA, a 2023, mai ƙafafu da ƙananan tayoyi don hawa matakala.

Mun daɗe muna kiran keke da babur dokin ƙarfe, to ga wanda ya ci sunan. Sai dai tambayar da ta fi saurin gudunsa muhimmanci ita ce: ran da ya gurɗe, wa ke da ikon taɓa shi?

Ɗauki babur ɗin Boxer. In ta ƙi tashi, bakanike a gindin bishiya zai duba filogi, ya wanke kabireta, ya ja kaca, in abin ya yi tsanani ya sauke inji ya sa sabon ringi. Duk ciwonta ido na gani, kunne na ji. Abin hawa mai ƙafafu kuwa ko tsayuwarsa aikin manhaja ce. Ƙananan mutum-mutumi masu ƙafa huɗu da ke kasuwa yanzu galibi injin lantarki uku ne a kowace ƙafa, biyu a ƙugu ɗaya a gwiwa, sha biyu ke nan. Kowace gaɓa na da giyarta, da na'urar da ke auna kusurwar da ta lanƙwasa, da allon da ke ba ta wuta. Kwamfuta na karanta waɗannan duka, tare da na'urar auna karkata, sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya.

Lalacewar ma ba boyayya ba ce. Ƙura ta bi ta bakin robar da ke rufe gaɓa, giris ya gurɓace, haƙoran giya su ci, gaɓa ta fara wasa. Ƙafa na nan, kwamfuta na zaton tana can, sai dokin ya riƙa rawar jiki ko ya durƙushe. Kwance gaɓar a ɗaura sabuwa aikin sifana ne, yaron gareji mai basira zai iya. Amma bayan ɗauri dole a saita ta, a nuna wa kwamfuta inda sifirin sabuwar gaɓa yake, kuma da manhajar kamfani ake yin wannan. In an haɗa da dabarar nan ta ɗaure lambar kowane kayan gyara da ƙwaƙwalwar na'ura, ko gaɓa lafiyayya ka ciro daga wani dokin irinsa, ba za ta yi aiki ba sai kamfani ya lamunce.

Wannan ba zato ba ne, an gani a wasu injinan. Manoman Amurka sun shafe shekaru suna kuka da John Deere, saboda cikakkiyar manhajar gano cutar tarakta ta kasance a hannun dillalansa, har hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta maka kamfanin a kotu a Janairun 2025. A Folan, a ƙarshen 2023, masana kwamfuta suka ce sun gano umarni a cikin jiragen ƙasan da kamfanin Newag ya ƙera da ke hana su tashi in sun kwana a garejin wasu masu gyara, kamfanin dai ya musanta. Na VanMoof ya fi kama da abin da muke magana a kai. Kamfanin kekunan lantarki ne na Holan da ya durƙushe a Yulin 2023. Mabuɗin da wayar mai keke ke amfani da shi daga kwamfutocin kamfanin yake fitowa, kayan gyaransa kuma ba na kowa ba ne. Sai da abokin hamayyarsa, Cowboy, ya fitar da manhajar da mutane suka adana mabuɗansu da ita. Wancan keke ne, ko manhaja ta mutu za ka tuƙa da ƙafa. Doki mai gaɓa sha biyu in ta mutu, tarin ƙarfe ne a tsakar gida.

Kamfanoni za su ce batun rai ne, kuma suna da gaskiyarsu. Gaɓar da aka saita ba daidai ba na iya kayar da mutum a gefen dutse, tulun haidurojin kuma ba abin da za a kai wa mai walda ba ne. Amma birki ma batun rai ne, ba a kuma hana bakanike taɓa shi ba. A kulle manhajar da ke riƙe daidaiton jiki, babu laifi. Kulle littafin gyara da ma'anar lambobin matsala da manhajar saiti kuwa kare aljihun dillali ne.

Don haka kafin kowa ya biya kuɗi, akwai abin da ya kamata ya gani a rubuce. Shin dokin zai tashi ya yi tafiya babu intanet, babu asusu, babu waya? Kamfani na iya kashe shi daga nesa, kuma a wane hali? Shekara nawa aka yi alkawarin kayan gyara, kuma ana sayar da giya da roba daban ko sai gaɓa sukutum? In ka sayar, mabuɗi na bin sabon mai shi kyauta? In ɗaya ya gagara amsuwa, haya ce aka yi wa farashin saye, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Doka ta fara motsi a wasu wurare. A Amurka, jihar Kolorado ta yi dokar 'yancin gyaran injinan noma a 2023, jihar Oregon ta taka wa ɗaure lambar kayan gyara birki a 2024, Tarayyar Turai kuma ta ce daga Fabrairun 2027 batirin keken lantarki da makamantansa dole ya zama wanda mai gyara mai zaman kansa zai iya canjawa.

Mu kuwa yawancin abin hawa a hannu na biyu yake iso mana, bayan ya ci shekarunsa a Turai ko Amurka, garanti ya ƙare, wani lokaci kamfanin ma ya daina yin irinsa. Tsohuwar mota na rayuwa a nan ne saboda akan yanka guda a raya biyar da kayanta, kamar yadda ake yi a Ƙofar Ruwa ta Kano. Na'urar da aka ɗaure kowace gaɓarta da lamba ba ta yankuwa haka, dillalin ƙarfe ne kawai zai taya ta, shi ma a kan kilo.