Mutum na gargara, ku kuna ɗaukar bidiyo

Jiya da yamma na ga abin da har yanzu ya hana ni sukuni. Hatsari aka yi a bakin titi, wani saurayi kwance cikin jini leɓensa na motsi yana son ya ce wani abu, matasa sun fi goma sun zagaye shi kowa ya ɗaga waya, wani har cewa yake "matsa min in ɗauko fuskar". Wani dattijo ne ya ratso ya durƙusa ya kai kunnensa bakin yaron yana laƙƙana masa kalmar shahada. Haba 'yan uwana matasa!

Kalaman ƙarshe na magabata da muke ji a wa'azi jikinmu ya yi sanyi, ta ina kuke zaton suka iso mana? Wani ne ya zauna kusa ya saurara. Annabi (SAW) yana jingine a ƙirjin Nana A'isha ta ji yana roƙon Allah Ya sada shi da maɗaukakan abokai, yana cewa "Allahummar Rafiƙal A'ala". Sayyadina Umar da Abu Lu'ulu'a ya soke shi a sallar asuba shekara ta 23 bayan hijira, ana ba shi nono yana fitowa ta raunin, amma ya sa ɗansa Abdullahi ya lissafa bashin da ake binsa, wajen dubu 86, ya ce a biya. Bilal kuwa matarsa na kuka shi yana murna wai gobe zai haɗu da masoya, Muhammadu da jama'arsa. Ko Sokratis na Girka da aka ba shi guba ya sha, bashin zakara ya tuna ya ce wa abokinsa kar a manta a biya.

To wa ya san ko yaron nan ma bashi ne a bakinsa, ko saƙo ga mahaifiyarsa? Wallahi ba ku ji ba, hankalinku na kan wa zai riga sakawa a Facebook. Ku ne dai masu tura doguwar wasiyyar ƙarya da aka jingina wa Steve Jobs, tsohon shugaban kamfanin Apple da ya rasu, kuna rubuta "abin tausayi", ga abin tausayi a gabanku kun mai da shi kallo. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa ake yi, ku kuwa wutar kuke ɗauka a waya.

A da ko yaro ƙarami ya san in mutum na gargara murya ake saukarwa, a rufa masa jiki, a kira babba. Ina wannan kunyar ta tafi? Dan Allah mu gyara.

Abin da yaron ya faɗa dattijon nan kaɗai ya ji. Bidiyon kuwa kafin isha'i ya shigo wayata sau uku.