Wa ke zaune tare da ku a zauren nan?

Assalamu alaikum 'yan uwana matasan Jos, musamman ku da kuke riƙe da zaurukan WhatsApp na unguwa, na 'yan kasuwa da na tsofaffin ɗalibai.

Abin da ya faru a zauren 'yan ajinmu ne ya hana ni yin shiru. Wani ɗan uwanmu mai sayar da kabeji a Farin Gada, yana tsakiyar ciniki aka kira shi, aka ce za a yi taron zaure ta intanet da daddare, an turo masa lamba shida ta tes, ya karanto a sa sunansa. Ya karanto. Kafin la'asar WhatsApp ɗinsa ya koma hannun wani, wanda ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da sunansa da hotonsa, wai mahaifiyarsa tana kwance a asibiti. Mutum biyu suka tura kuɗi. Da muka haɗu bayan isha'i, tambayar da bawan Allahn nan yake ta maimaitawa ita ce: "To ba an ce manhajar tana da tsaro ba?"

Tana da shi, kuma ba ƙaramin tsaro ba. Tun shekarar 2016 WhatsApp ke kulle kowane saƙo daga wayar mai turawa, ba ya buɗuwa sai a wayar mai karɓa, da fasahar da mutanen Signal, wata manhajar tura saƙo, suka ƙirƙira. Kamfanin layinka ba ya iya karantawa, mai manhajar ma haka. Ita Signal ɗin gidauniya ce ke tafiyar da ita, ba don riba ba. Moxie Marlinspike da Brian Acton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa WhatsApp, su suka assasa gidauniyar a 2018. Amma ku fahimci iyakar makullin: hanya yake tsarewa. Da zarar saƙo ya sauka, duk wanda ke cikin zauren ya gani, zai iya ɗaukar hotonsa, zai iya nuna wa wanda ya ga dama.

A watan Maris na 2025 manyan jami'an tsaron Amurka suna tattauna harin da za su kai wa 'yan Houthi a Yaman cikin wani zauren Signal, ashe an saka Jeffrey Goldberg, editan mujallar The Atlantic, bisa kuskure. Yana zaune yana karanta komai. Babu wanda ya fasa manhajar, hannu ne ya danna sunan da bai kamata ba. Idan haka ta faru da masu wannan ƙarfin, ina ga zauren unguwa mai mutum ɗari uku wanda admin bai san rabinsu ba?

Don haka ɗan uwa admin, aikinka na farko mai gadin ƙofa ne. Ka daina watsa linkin shiga a Facebook da sitatus. Ka kunna wurin da sai ka amince kafin sabon mutum ya shigo, WhatsApp da Signal duk suna da shi, kuma in linki ya yi yawo ka soke shi ka sabunta. Ka zauna ka bi lambobin nan ɗaya ɗaya. Akwai abin da mutane ba sa lura da shi: layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani yakan sake sayar wa wani. Abokinku ya canza layi shekara biyu da suka wuce, ko ya rasu, Allah ya jiƙansa, lambarsa tana nan a zaure, yau kuma baƙo ne ke riƙe da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024 a zaure ɗaya, Signal 1,000, amma don ɗaki ya ɗauki taro ba shi ke nuna a yi maganar asiri a cikinsa ba. Lissafin kuɗin adashi, jadawalin 'yan sintiri, sunan iyalin da za a tallafa wa a ɓoye, waɗannan a buɗe musu ƙaramin zaure na mutum biyar ko goma da suka san fuskar juna.

Kowannenmu kuma ya sa lambar sirri ta biyu yau ɗin nan. A WhatsApp lamba shida ce da kai ka zaɓa, a Signal akwai makullin rajista. Minti biyu ne, kuma da ɗan uwanmu ya sa ta, da wanda ya kira shi ya tarar da ƙofa ta biyu a rufe. Lambar da ta shigo ta tes kuwa, ko da muryar yayanka aka nema, kar ka bayar. In wani ya nemi kuɗi a rubuce, kira shi ka ji bakinsa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma na san duk wanda ya girma a garin nan zai gane. Mun ga rikicin Satumban 2001, mun ga na Nuwamban 2008, mun ga na Janairun 2010. Mun san yadda kalma ɗaya, "an fara", take rufe shaguna a Taminus, ta sa uwa ta fito ba mayafi tana neman ɗanta a makaranta. A da sai jita-jita ta bi baki da ƙafa. Yau saƙon murya ɗaya yana shiga Anguwan Rogo da Rikkos da Bukur cikin minti guda, kuma saboda saƙon a kulle yake, babu wani ma'aikacin kamfani da zai gan shi ya tsayar. Mu kaɗai ne a ciki. WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a 2019, a 2020 ya mayar da saƙon da ya yi yawo da yawa zuwa wuri ɗaya a lokaci guda, amma yatsanka ba kamfani ke riƙe da shi ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu yi aiki da labari, don kar mu cutar da mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama. Hoton gawa da aka turo maka, ka san garin? Ka san shekarar? In ba ka sani ba, bari hoton ya mutu a wayarka. Kuma admin ya sa doka a fili: labarin tashin hankali ba ya shiga sai da wanda ya gani da idonsa, ya faɗi wuri da lokaci. In gari ya ɗau zafi, ka rufe zauren ya zama admin kaɗai ke rubutu har ƙura ta lafa. Za a zage ka, ka daure.

Masu Telegram, ku sani zaurukanta ba su da irin wancan kullen na waya zuwa waya; hirar sirri ta mutum biyu ce kawai ke da shi.

Saƙo mai goge kansa yana da amfani, WhatsApp yana ba da awa 24, kwana 7 ko kwana 90, Signal kuma kai za ka yanka lokacin da kake so. Yana rage abin da za a tarar in waya ta ɓata ko aka fizge ta a cikin Keke. Ba ya hana wanda ya riga ya karanta adanawa, magana zarar bunu ce. Sannan wayar da kake miƙa wa mai caji ko mai gyara, ka sa mata makulli kafin ta bar hannunka. Da ka karɓo, shiga wurin na'urorin da aka haɗa da asusunka ka duba. In ka ga kwamfutar da ba ka sani ba, cire ta nan take, sannan ka sanar da 'yan zaure.