Rigar da Ta Dawo Sau Uku

Ƙannena masu rubuce-rubuce da masu sha'awar shirya fim, akwai kukan da na gaji da ji daga bakinku: wai duk labarai an riga an ba da su, babu sauran abin da mutum zai rubuta. Wasunku kuma sun mai da wannan kuka uzuri, suna cewa tunda komai maimaici ne, bari su kwashi na wani su sauya wa taurarin suna. Abin yana damuna, domin duka biyun daga wuri ɗaya suka fito, wato rashin rarrabe jigo da aikin da marubuci yake yi a kan jigon.

Gaskiya ne jigogi ba su da yawa. Labarin Gilgamesh, wanda aka rubuta a kan allunan yumɓu a ƙasar da yau ake kira Iraƙi shekaru dubbai da suka wuce, labarin sarki ne da ya bar gida neman maganin mutuwa, ya samo wani tsiro a ƙarƙashin teku, maciji ya sace shi yana wanka. A 1934 Abubakar Imam ya fitar da Ruwan Bagaja, inda tauraron ya bar gida neman ruwan da zai warkar da mara lafiya. Tafiya neman waraka ce a nan da can, amma wa zai karanta su ya ce labari ɗaya ne? Ɗaya cike yake da baƙin cikin mutumin da ya gano ba zai dawwama ba, ɗayan kuma cike da raha da wayo da ramuwar gayya. Haka tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa take da 'yan'uwa a ko'ina. Akwai irinta da aka rubuta a Sin tun ƙarni na tara, har da takalmin da ya ɓace. A 1928 wani masani ɗan Rasha, Vladimir Propp, ya zauna ya feɗe tatsuniyoyin ƙasarsu, ya tarar matakai 31 ne kawai suke ta juyawa a cikinsu. Wannan bai hana kowa ci gaba da ba da labari ba. Maraici, cin amana, komawa gida, ɗa da uba, talaka da mai hali: za a yi ta komawa kansu muddin ana haihuwa ana mutuwa. Don haka ku daina jin kunyar tsohon jigo.

Abin da ya kamata ku ji kunyarsa shi ne alamar aro, wato wani abu da aka sa a labari don ya ɗauki ma'ana, amma daga labarin wani aka kwaso shi. A nan ne nake son mu daɗe.

Ku buɗe Suratu Yusuf. Na san ba ƙagaggen labari ba ne, kuma ba ina jera ta da littattafan 'yan Adam ba, amma Allah da kansa ya kira ta mafi kyawun labari, kuma duk mai son koyon yadda ake gina labari ya kamata ya zauna a gabanta da ladabi. Ku lura da riga. Karo na farko 'yan'uwa suka zo da ita da jinin ƙarya, ta zama kayan aikin yaudara, ta jefa uba cikin baƙin ciki. Karo na biyu aka yage ta ta baya, ta zama shaidar da ta wanke wanda aka yi wa ƙazafi. Karo na uku aka jefa ta a fuskar Annabi Yaƙuba, ganinsa ya dawo. Abu ɗaya ne, riga, amma duk dawowar da ta yi da sabon nauyi take zuwa, kuma duk sau ukun aiki take yi a cikin labarin. Cire ta ka ga ko labarin zai tsaya da ƙafarsa. Wannan shi ne ma'aunin da nake so ku riƙe.

Yanzu ku gwada shi da abin da kuke rubutawa. Tauraruwa ta ji mugun labari, sai kofi ya suɓuce daga hannunta ya fashe. Masoya sun rabu, sai ruwan sama ya kece. Mugu zai shigo, sai a sa masa baƙaƙen kaya da tabo a kunci. Ina tambayarku tsakani da Allah, kofin nan mun taɓa ganinsa kafin ya fashe? Na waye? Me ya haɗa shi da ita? In babu amsa, to kun ɗauko shi ne daga finafinai ɗari da kuka kalla, su ma daga wasu suka ɗauko, har ya zama kamar tsohon kuɗin da aka goge rubutunsa saboda yawan shiga hannu. Mai kallo ba ya jin komai idan ya fashe, domin ya san zai fashe tun kafin ta ɗaga waya.

Ruwan saman nan da kuka mai da hawayen masoya, ku ga yadda wani ya yi da shi. A fim ɗin Parasite na Koriya ta Kudu, wanda ya fito a 2019, iyalin talakawa suna zaune a ɗakin da rabinsa ke ƙarƙashin ƙasa, masu kuɗi kuma a kan tudu. Tun daga farko kyamara ba ta daina nuna matakala ba, hawa da sauka. Daren da aka tafka ruwa, uban da 'ya'yansa suka yi ta gangarowa daga gidan masu kuɗi, matakala bayan matakala, ruwa yana bin su, har suka tarar ɗakinsu ya cika. Washegari uwargidan masu kuɗi tana murna a waya cewa ruwan ya wanke sararin sama, direbanta kuwa, wato uban nan, wanda ya kwana a wurin da aka tsugunar da waɗanda ambaliya ta kora, yana jin ta. Babu wanda ya tsaya ya yi wa'azi a kan bambancin talaka da mai hali. Matakala da ruwa suka faɗi komai, kuma sun iya faɗa ne domin an daɗe ana dasa su a idon mai kallo.

Dasawar nan ita ce wahalar da kuke gudu. Marubucin Rasha Anton Chekhov ya shahara da shawarar cewa in ka rataye bindiga a bango a farkon wasa, to dole a harba ta kafin a tashi. Ku juya shawarar ma tana aiki: in za ka harba bindiga a ƙarshe, rataye ta tun da wuri. Alama tana son haƙuri. A nuna ta ba tare da surutu ba, a bar ta, a dawo da ita lokacin da mai karatu ya kusa mantawa.

Kuma don Allah ku daina fassara alamarku da bakinku. Kun rubuta cewa fitila ta mutu a ɗakin tsoho, sai ku ƙara da cewa wannan yana nuna rayuwarsa ta zo ƙarshe. Kun raina mai karatu ke nan, kun kuma ƙwace masa daɗin ganowa da kansa.

Ku da ba ku rubutu, kallo da karatu kawai kuke yi, maganar ta shafe ku, wataƙila ma fiye da su. Abin da ake maimaita wa ido yana shiga zuciya ba sallama. In a fim hamsin duk mai tabo ko naƙasa mugu ne, in kowace matar uba azzaluma ce, in kowane labari sai an shiga katafaren gida da mota kafin a ce an dace, to ana karantar da ku darasi ba tare da kun san kuna aji ba. Wata rana za ku haɗu da mai tabo na gaske, ko ku zauna da matar uba ta gaske, ku tarar an riga an yanke musu hukunci a ranku. Idan kun gama fim ko littafi, ku tambayi kanku: wane abu ne ya yi ta dawowa? A hannun wa yake? Wa aka sa ni in tausaya wa, wa aka sa ni in tsana, kuma da wace dabara?

Ku marubuta kuma, ga aikin da nake roƙon ku yi a daren nan. Ku ɗauko rubutun da kuke kai, ku ja layi a ƙarƙashin duk wani madubi, agogo, zobe, wasiƙa ko hadari da kuka sa. Kowanne ku cire shi ku sake karanta shafin. Wanda aka cire labari bai girgiza ba, ku bar shi a waje. In ɗaya ya rage wanda cire shi ya bar rami, ku koma babin farko ku nema masa wurin da mai karatu zai fara ganinsa.